Daga Likkafa Zuwa Totur: Tarihin Ƙafar Direba a Kano

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga tashar Unguwa Uku, ko ya saba zaman gidan gaba a bas ɗin da ke bin Hanyar Zariya ta ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, ya san wata ɗabi'a da ta zame wa direbobinmu jiki. Direba zai shigo, ya yi bisimilla, ya gyara madubi, sa'an nan ya zare ƙafarsa ta dama daga silifa, ya ture silifar gefe da ɗan yatsa, ya ɗora tafin ƙafa tsirara a kan totur. Wani kuma ba ya cirewa, da silifar yake tuƙi tana reto a bakin yatsu. Ba direbobin haya kaɗai ba ne. Alhazai masu manyan motoci suna yi, ma'aikata suna yi, matan da ke kai yara makaranta a Tarauni da Darmanawa suna yi. Idan ka tambaya za a ce maka an fi jin motar a haka. Wannan amsa tana da tushe, kuma tushen nata ya girmi mota a ƙasar Hausa.

A shekarar 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Kano, ya yi lissafin abin da birnin ke fitarwa zuwa wasu ƙasashe. Bayan tufafin saƙi da rini, abin da ya ambata a sahun gaba shi ne takalman fata. Ya ƙiyasta cinikinsu a kan wuri miliyan 10 a shekara, ya kuma ce mafi kyawunsu, waɗanda ake kira taka-saraki, ba su wuce wuri 200 ba. Dukawan Kano sun san ƙafar da suke yi wa ɗinki. Ƙafa ce da za ta fita daga takalmi sau da yawa a yini: a ƙofar masallaci sau biyar, a bakin zaure, a gaban malami, a gaban suruki, a gaban sarki tun daga nesa. Ga zafin bazara kuma. Takalmin da ya dace da irin wannan rayuwa shi ne wanda ake zurawa a zare ba tare da an sunkuya ba, marar igiya, marar abin da ke kama dunduniya. Da silifar roba ta zo daga baya, gurbin da aka riga aka share mata ta tarar. Kafin mota, aikin da ya fi neman gwanintar ƙafa shi ne hawan doki, kuma can ma likkafa ce ke riƙe ƙafar, ba ƙafar ke neman likkafa ba.

Mota ta zo da akasin haka. Waɗanda suka ƙera ta mutanen ƙasashen sanyi ne, masu takalmin da ake ɗaurewa da safe ba a kwancewa sai dare, kuma a kan irin wannan ƙafa suka auna matakan da ke ƙarƙashin sitiyari. Su kansu sun daɗe ba su daidaita ba. Motar Ford samfurin T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927 kuma ta yi farin jini a Afirka ta Yamma saboda rashin nauyinta a kan hanyoyin ƙasa, matakai uku gare ta, amma babu totur a cikinsu. Na hagu na giya ne, na tsakiya na komawa baya, na dama shi ne birki, wuta kuwa da hannu ake ba ta, da wani ɗan ƙarfe a jikin sitiyari. Wasu motocin kuma a tsakiya suka sa totur, tsakanin kuloci da birki. Tsarin da muka sani yau, kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama, ana danganta farkonsa da wata Cadillac ta 1916, sa'an nan ƙaramar motar Ingila Austin 7 ta yaɗa shi daga 1922. Ma'anar wannan tsari ita ce an ɗora wa ƙafa guda ayyuka biyu masu karo da juna, gudu da tsayawa, a kan matakai biyu da tazararsu ba ta kai tsawon tafin hannu ba, kuma a wurin da ido ba ya gani. Duk maganar da za mu yi a kan takalmi daga nan ta samo asali.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma a shekarun da suka biyo baya manyan motoci suka fara karɓe aikin jakuna da raƙuma wajen kawo buhuna daga karkara zuwa bakin dogo. A nan ne aka haifi sana'ar tuƙi irin tamu, wadda ba a makaranta ake koyonta ba. Yaro zai shiga hannun ubangida a matsayin yaron mota, ya yi shekaru yana wanki, yana lodi, yana dirowa da gudu ya sa katako a bayan taya idan an tsaya a hawa, kafin a ba shi sitiyari. Abin da ya ga ƙafar ubangidansa tana yi shi zai yi har ya tsufa. Su kuwa waɗancan motoci ƙarfi suke ci. Birkin farko na sanduna ne da wayoyi, ƙarfin cinyar direba ne kaɗai ke tsayar da kaya. Kamfanin Ford ma bai koma birki mai aiki da mai ba sai 1939. Giyar tsofaffin manyan motoci ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu, a saki, a ɗan ba da wuta a tsakani. Mai wannan aiki daga Kano zuwa Nguru ko Gusau, a cikin zafin injin da ke huro masa ƙafa, zaɓi biyu ne a gabansa: takalmin da ke zamewa a duk taku, ko tafin ƙafar da kaushi ya mai da shi kamar ƙirgi. Ya zaɓi na biyu, kuma a ganina bai yi wauta ba. Ƙafar manomi ce, mai kauri, mai lafiyayyun jijiyoyi, tana jin inda kuloci ya kama kamar yadda yatsan mai saƙa ke jin zare.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama. Sitiyari ya ƙaura, hannun sa giya ya canja, amma jerin matakan ƙafa bai motsa ba, saboda haka ɗabi'ar ta haye da mu lafiya lau. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta cika tashoshi, mota ta shiga hannun malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta kafu a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, a shekarar da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yau yake kan wannan Hanya ta Zariya. Wa'azin kiyaye haɗari ya fi karkata ga gudu da lodi da taya da bel, kuma da gaskiyarsa, domin su ne manyan makasa. Ƙafa ba a ganinta daga bakin titi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne motocin da suka biyo baya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, da sabuwar mota ta gagari mai albashi, 'yan Kwatano suka mamaye kasuwa, daga baya kuma aka shiga kawo na Amurka masu canja giya da kansu. Irin wannan giya tsohuwa ce a can, tun 1940 take a kasuwa, amma a wurinmu ta zo wa mutanen da suka koyi tuƙi da matakai uku. Kuloci ya ɓace, ƙafar hagu ta rasa aikin yi. Wani ya naɗe ta a kan kujera kamar yana kan tabarma, wani ya ba ta aikin birki, yana tuƙi da ƙafa biyu. Ga abin da ya kamata a lura da shi: a mota mai kuloci, idan direba ya firgita ya danna ƙafafunsa biyu, ta hagu tana raba inji da taya, ko da ta dama ta faɗa kan totur motar kuka kawai za ta yi. A mota marar kuloci babu wannan kariya. Ƙafa ta kuskure da faɗin yatsu uku, motar ta zabura, direba ya tabbata a ransa birki yake takawa, sai ya ƙara dannawa.

Amurkawa, da suka riga mu shiga wannan hali, sun riga mu auna shi. A shekarun 1980 an yi ta ƙorafin cewa motar Audi 5000 tana zabura da kanta, amma binciken hukumar kiyaye haɗurran ƙasar na 1989 ya nuna cewa galibi kuskuren taku ne. Daga nan ne aka yawaita dabarar da ke hana fitar da giya daga wurin ajiya sai an taka birki. A Yulin 2003 wani dattijo mai shekara 86 ya kutsa cikin wata kasuwar manoma a Santa Monika ta jihar Kalifoniya, mutum 10 suka mutu, kuma dalilin da masu bincike suka kai gare shi ke nan. A 2015 hukumar ta ƙiyasta cewa kuskuren taku yana haddasa haɗari kimanin 16,000 a shekara a ƙasar, ta kuma ambaci silifa da manyan takalman aiki da takalman mata masu tsini a cikin abubuwan da za a guje wa. Mai karatu ya kwatanta wannan da bakin kasuwar Tarauni da yamma, ko ƙofar asibiti a lokacin dubiya, inda mota da mai tura baro da yaro mai tallan ruwa suke gogayya a taku ɗaya.

Akwai kuma abin da ke ƙasan ƙafar. A Agustan 2009, kusa da San Diyego, wani jami'in 'yan sandan hanya da iyalinsa uku suka rasu a cikin wata Lexus da shimfiɗar ƙasa, wadda ba tata ba ce, ta danne mata totur. Bayan wannan Toyota ta yi kiran motoci kusan miliyan 4 don gyara. Mu kuwa a nan, da mutum ya sayi mota sai ya wuce wurin masu kayan ƙawa a ɗora masa kafet a kan kafet, wani ma har da guntun darduma. A kan wannan tudu ne ake ajiye silifar da aka cire, da gorar ruwa, wani lokaci da butar alwala. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya gangaro da ɗayansu ƙarƙashin matakin birki.

To, shin tuƙi ba takalmi ya fi haɗari ko tuƙi da silifa? Ra'ayina, ga mai lafiyar ƙafa, silifa ta fi muni. Tana lanƙwashewa ta shige ƙarƙashin mataki, bakinta yana kama gefen birki lokacin da ƙafa ke tahowa daga totur, tana kuma tilasta wa yatsu su riƙe ta a daidai lokacin da ake so su yi wani aikin. Ƙafa tsirara ba ta da waɗannan, shi ya sa babu jihar Amurka da ta haramta ta, ƙa'idar hanya ta Ingila ma, a doka ta 97, cewa kawai ta yi kada tufafi ko takalmi su hana mutum sarrafa mota yadda ya kamata. Amma tana da nata aibin. Gumi yana sa ta santsi, haka ma ruwan alwala, kuma mun san yawancinmu daga masallaci muke faɗawa mota. Robar kan mataki idan ta cinye sai ƙarfe ya fito. Faso a lokacin hunturu yana sa mutum ya riƙa tausaya wa dunduniyarsa bai sani ba. Birkin gaggawa kuma yana son a danna da dukkan ƙarfi a riƙe, musamman a motocin zamani masu na'urar hana taya ƙullewa, wadda ta fara yaɗuwa daga 1978. Idan wannan na'ura ta kama aiki matakin yakan yi karkarwa yana bugun tafin ƙafa, kuma ƙafar da ba ta da kariya ta fi saurin ɗagawa. A gudun kilomita 60 a awa mota tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Rabin daƙiƙar da aka ɓata wajen neman mataki ya kai tsawon mota biyu.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, dubban matasa suka koma A Daidaita Sahu. A wannan keke hannu ne ke ba da wuta da sa giya, amma birki na ƙafar dama ne, mataki guda ƙarami, a ƙasan da ba shi da ƙofa, wanda ruwan damina ke jiƙawa, ga fasinjan gaba ya matse direba gefe. Kusan dukkansu da silifa suke wannan aiki.

Sai dai babban abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi a shafin lafiya shi ne, ba mota kaɗai ta canja ba, ƙafar ma ta canja. Hujjar tsohon direba ita ce yana jin motar. Yau muna da dubban masu tuƙi waɗanda ba sa jin ƙafar kanta. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a Nijeriya a kan kashi 5.77 cikin ɗari, kuma sanannen abu ne a likitance cewa kusan rabin masu wannan ciwo sukan gamu da lalacewar jijiyoyin ƙafa idan tafiya ta yi nisa. Yana farawa daga yatsu. Mutum ya riƙa jin kamar tafiyar kiyashi, ko zafi kamar an zuba barkono da dare, ko ya ji kamar a kan auduga yake taku. Daga baya zafin ya lafa, ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali jijiyar ce ta mutu. Alamar da na fi so iyali su riƙe ita ce wannan: silifa ta fice daga ƙafar Baba yana tafiya bai sani ba. Ƙafar da ba ta san ta rabu da takalmi ba, ba za ta bambance birki da totur a cikin duhu ba. Binciken da likitocin ƙafa na Jami'ar Temple a Filadelfiya suka buga a 2017 ya nuna cewa masu wannan larura sun fi sauran direbobi jinkirin kai ƙafa ga birki. Ga irin wannan majiyyaci tuƙi ba takalmi ba ya cikin zaɓi ko kaɗan, domin ƙarfen da rana ta gasa ko tsakuwa guda a kan shimfiɗa za su iya yi masa rauni bai ji ba, kuma daga irin wannan ƙaramin rauni ne gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa yake somawa.

Magunguna ma suna da hannu, kuma nan ne fagen sana'ata. Isoniazid na tarin fuka yana taɓa jijiyoyin ƙafa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6, ƙaramar ƙwayar nan da wasu ke rainawa su ajiye. Metformin, wanda shi ne ginshiƙin maganin sukari, idan an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12, rashinsa kuma yana kawo irin wannan mutuwar ƙafa. Ba dalilin daina shi ba ne, dalilin a auna jini ne. Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, da mutane ke saya su yi ta sha duk lokacin da ciki ya murɗa, yana yin haka idan aka ɗauki makonni a kansa. Amlodipine na hawan jini yakan kumbura idon sawu, takalmi sau-ciki ya daina shiga, mutum ya koma silifa bai taɓa gaya wa likita ba, alhali ana iya rage masa ko a sauya. Abin takaici, magungunan da muke bayarwa don zafin jijiyar, wato amitriptyline da pregabalin da gabapentin, suna kawo barci da jiri, musamman a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara adadi. Haka Piriton na mura. Tramadol kuwa, da wasu masu doguwar tafiya ke sha da sunan ƙarin ƙarfi, yana dusashe hankali, yana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga a kan sitiyari.

Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide yana da ƙarin nauyi, domin faɗuwar sukari tana rage saurin ƙafa tun kafin mutum ya ji alamar komai. Ƙa'idar da ake bi a Ingila mai sauƙin riƙewa ce: a auna kafin a tashi mota, idan awo bai wuce 5 ba, wato 90 a na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi, a ci wani abu tukuna, idan ya gaza 4 kada a tuƙa, kuma bayan ya dawo daidai a jira minti 45. Mai azumin Litinin da Alhamis da ke shan waɗannan magunguna ya zauna da likitansa a tsara masa lokutan sha.

Takalmin da ya dace ba mai tsada ba ne. Ya zama ya kama dunduniya, ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne marar santsi, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, fāɗinsa kuma ba zai taɓa matakai biyu a lokaci guda ba. Kambas na kasuwa ya wadatar, sandal mai maɗauri ta baya ma ta yi. A bar shi a cikin mota ya zama na tuƙi, silifar shiga masallaci ko takalmin biki a jefa su bayan kujera, ba gaban direba ba. A tattare bakin babbar riga ko abaya kafin a tashi. A ja kujera yadda idan an danna birki har ƙasa gwiwa za ta kasance da ɗan lanƙwasa, dunduniya kuma ta zauna a ƙasa daura da birki, ƙafar ta riƙa juyawa zuwa totur ta dawo. A mota marar kuloci ƙafar hagu ta zauna a matokarin da aka yi mata a gefe.

Akwai gwajin da iyali za su iya yi a gida, wanda likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka fito da shi a 2011. Majiyyaci ya cire takalmi ya rufe ido, wani ya taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin, a ƙafafu biyu, taɓawa mai sauƙi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba dannawa ba, ba tsikari ba. Shi kuma ya faɗa duk lokacin da ya ji. Idan ya kasa jin biyu ko fiye a cikin shidan, a kai shi asibiti a gwada shi da zaren roban da ake gwada jijiya da shi, a tafi da dukkan magungunan da yake sha, har na kemis da na gargajiya, a kuma faɗa wa likita a fili cewa yana tuƙi. Na san karɓar makulli daga hannun uba ba ƙaramin abu ba ne a gidan Bahaushe, balle idan motar ce ke ciyar da gidan. Sau da yawa ma ba a kai wa ga haka: a daidaita sukari, a cike bitamin da ya ragu, a mai da maganin da ke sa barci zuwa dare, a daina tuƙin dare da doguwar hanya, a sake gwaji bayan wata uku. Kafin ranar ganin likita, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya riƙa kai shi.